Yadda Ake Zaɓen Sitabilaiza Don Saita Mota a Gasar Otokuros

A gasar otokuros mota ɗai-ɗai take shiga fili, agogo ne abokin hamayyarta. Ana jera mazugan roba a faffaɗan filin ajiye motoci ko tsohon titin jirgin sama, direba ya ratsa tsakaninsu cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, yawanci a giya ta biyu, kuma da wuya gudu ya wuce kilomita 100 zuwa 110 a awa. A dokokin SCCA, ƙungiyar wasannin mota ta Amurka, duk mazugin da ka kayar daƙiƙa 2 za a ƙara maka. Ke nan mota ba ta samun miƙaƙƙiyar hanyar da ƙarfin inji zai cece ta. Daga kwana sai kwana, daga hagu sai dama. Shi ya sa ƙarfen nan da ake kira sitabilaiza, wanda a tuƙin yau da kullum ba a tunawa da shi sai linkejinsa ya fara ƙara, yake cikin abubuwan farko da ake taɓawa.

Abin da ƙarfen yake yi

Sitabilaiza sanda ce ta ƙarfen sifirin, an lanƙwasa bakunanta biyu sun zama hannuwa. Tsakiyarta na ɗaure a jikin mota da bushin biyu, kowane hannu kuma linkeji ya haɗa shi da ƙafar mota ta ɓangarensa. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin bushin, ba ta aikin komai. Amma a kwana, jikin mota ya kwanta waje, ƙafar waje ta dannu, ta ciki ta saki, sai sandar ta murɗe tana turjewa.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure: suna ɗauka sitabilaiza mai kauri na hana nauyi komawa tayoyin waje. Ba ta hanawa. Yawan nauyin da ke tashi daga tayoyin ciki ya koma na waje ya dogara ne ga nauyin mota, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da tsananin kwanar. A ɗauki mota mai kilo 1,100, cibiyar nauyinta santimita 45 daga ƙasa, faɗin tsakanin tayoyinta mita 1.5. Idan ta sha kwana da ƙarfin 1g, wato turin da ke jan ta waje ya kai nauyinta, kilo 330 ne za su koma waje, ko da sanda ko babu.

Aikin sandar shi ne raba wannan kilo 330 tsakanin gaba da baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Idan gaba na ɗauke da kashi 55 cikin ɗari, wajen kilo 182 ke nan a gaba, 148 a baya. Ka sa sanda mai kauri a gaba rabon ya koma kashi 62, gaba ta ɗauki wajen 205, baya ta rage zuwa 125.

Me ya sa wannan ya dami direba? Domin taya ba ta ninka riƙonta idan an ninka mata kaya. Riƙon yana ƙaruwa, amma bai kai yadda kayan suka ƙaru ba. Tayoyi biyu masu ɗauke da kilo 300 kowacce sun fi riƙe ƙasa a kan guda mai 450 da guda mai 150, alhali jimillar ɗaya ce. Saboda haka ɓangaren da ka taurara yana rasa ɗan riƙo, ɗaya ɓangaren kuma ya samu. Taurara gaba na kawo ƙin kwana, wato ka murza sitiyari amma hancin mota ya ci gaba da nufar waje. Taurara baya na kawo watsa baya, inda bayan mota ke zamewa ya juya hancinta cikin kwana. Duk sauran bayanin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Mataki na 1: buɗe littafin doka kafin ka sayi komai

A gasar ana raba motoci aji-aji, kuma kowane aji da iyakar abin da aka yarda a canza. A ajin Street na SCCA, sitabilaiza ɗaya tak aka yarda ka canza, ko ka ƙara, ko ka cire, ta gaba ko ta baya, tare da linkeji da bushin ɗinta. A ajin Street Touring kana iya canza duka biyun. Wanda ya sayi saitin gaba da baya ya ɗaura, ya fitar da kansa daga ajin farko ba tare da ya sani ba. Dokoki na sauyawa, don haka littafin shekarar da kake ciki za ka duba, na ƙungiyar da ke shirya gasar da kake zuwa.

Mataki na 2: tabbatar ciwon na sitabilaiza ne

Kafin ka zargi sanda, ka kawar da sauran waɗanda ake zargi. Shokazoba mai yoyon mai, bushin ɗin lowa-am da ya tsage, alaimen da ya goce, iskar taya da ba daidai ba, kowannensu na iya sa mota ta yi halin da za ka ɗauka na sitabilaiza ne. Shafa alli a kafaɗar kowace taya wuri uku, ka yi zagaye ɗaya, ka duba inda allin ya goge. Idan ya goge har ya gangaro gefen taya, tayar na naɗewa ƙarƙashin rim, kuma ƙarin iska ko ƙarin kamba, wato karkatar saman taya zuwa cikin mota, take nema tukuna.

Sai kuma ka raba kwana gida uku, ka lura a wane gida matsalar take. Lokacin shiga, sa'ad da ƙafarka ke sauka daga birki, shokazoba da birki ne suka fi tasiri. Lokacin fita, sa'ad da ka taka totur, difarenshal ne da ƙafarka. Tsakiyar kwana, inda mota ta gama kwantawa, sitiyari ya tsaya wuri ɗaya, totur bai ƙaru bai ragu ba, nan ne gidan sitabilaiza da sifirin. Abin da motar ta yi a nan shi za ka rubuta.

Akwai kuma ƙin kwana da direba ke jawowa da kansa, kuma shi ya fi yawa ga sabon shiga. Wanda ya afka kwana da gudun da ya fi ƙarfin taya, ya ƙara murza sitiyari yana jin tayoyin gaba na kuka, babu sandar da za ta gyara masa. Gwajin mai sauƙi ne: ka shiga kwanar nan da ɗan ƙasa da gudun da ka saba. Idan motar ta bi layi lafiya har lokacinka ya inganta, ajiye kuɗinka. Ya fi kyau ma ka ba gogaggen direba motar ya yi zagaye biyu, ka ji ko abin da ka ji shi ma ya ji.

Mataki na 3: wane ɓangare za ka taɓa

Motar da ke ja da tayoyin gaba, irin Honda Civic ko Volkswagen Golf GTI, tana ɗauke da wajen kashi 60 na nauyinta a gaba, kuma tayoyin gaban su ne masu juyawa, masu ja, masu yawancin birki. Irin wannan mota sanda mai kauri a baya take so. Baya ta karɓi kason nauyin da ke komawa waje, tayar gaba ta ciki ta zauna a ƙasa ta samu abin ja da shi. Shi ya sa za ka ga waɗannan motoci na ɗaga tayar baya ta ciki a kwana, kuma ba aibu ba ne. Sai dai a lura: da zarar tayar nan ta bar ƙasa, baya ta ba da iyakar abin da take da shi. Ƙara kauri bayan nan ba ya ƙara sauya rabon nauyi a tsakiyar kwana, sai dai ya sa tayar ta tashi da wuri, bayan motar ya zama mai saurin fushi.

Motar da ke ja da tayoyin baya, irin Mazda MX-5 ko Subaru BRZ, yawanci sandar gaba ake ƙara wa kauri. Dalili shi ne a bar wa tayoyin baya nauyinsu daidai gwargwado don a iya taka totur da wuri a fita kwana. Idan difarenshal ɗin motar buɗaɗɗe ne, ba mai kulle zamewa ba, abin ya ƙara tsanani: tayar baya ta ciki na yin sauƙi sai ta kama juyawa a banza, inji na ihu, mota ba ta tafiya. Sanda mai kauri a baya na ƙara wannan ciwo, har wasu kan cire ta bayan gaba ɗaya.

Mota mai ja da ƙafa huɗu ta fi kama da mai ja da gaba idan injinta ya yi nauyi a hanci, don haka akan fara da baya.

Yanzu ga togaciyar da ke rikita mutane. An ce taurara gaba na kawo ƙin kwana, amma akwai motocin da ake sa musu babbar sanda a gaba sai riƙon gaban ya ƙaru. Wannan na faruwa ne a motoci masu laushin sifirin, musamman masu ƙafar gaba irin ta MacPherson, inda shokazoba da sifirin a haɗe su ne ginshiƙin da ke riƙe taya. Idan jikin motar ya kwanta da yawa, tayar waje na karkata ta tsaya a kan kafaɗarta, rabin fuskarta ba ya taɓa ƙasa. Rage kwanciyar na miƙar da tayar, kuma ribar da aka samu nan ta fi asarar da rabon nauyi ya jawo. Alamar ita ce kafaɗar waje ta tayar gaba na cinyewa, ta ciki kuwa kamar sabuwa, ko ma'aunin zafin taya ya nuna gefen waje ya fi na ciki zafi da nisa. A ajin da aka hana canza sifirin ko ƙara kamba, wannan dalili kaɗai ya isa a zaɓi sandar gaba.

Ga wanda yake da damar canza sifirin da sanduna duka, injiniyoyin motocin tsere kan fara da sa kason gaba na komawar nauyi ya ɗara kason nauyin gaban motar da kamar kashi 5. Mota mai kashi 52 a gaba ta fara da wajen 57. Mafari ne kawai, fili ne zai yanke hukunci.

Mataki na 4: lissafin kauri

Fara da auna sandar da ke jikin motar da kalifa, ma'aunin kauri mai baki biyu, a wuri miƙaƙƙe, bayan ka goge datti. Kada ka dogara da abin da aka rubuta, domin mota iri ɗaya kan zo da sanda daban-daban gwargwadon shekara da samfuri.

Taurin sanda na tashi ne da kaurinta sau kansa har huɗu. Daga milimita 22 zuwa 24 ido zai ga ƙarin milimita 2 kacal, amma ka raba 24 da 22 ka ninka sakamakon a kansa sau huɗu, za ka samu 1.42. Wato tauri ya ƙaru da kashi 42. Daga 22 zuwa 25 ƙarin kashi 67 ne. Daga 20 zuwa 22, kashi 46. Wanda ya tsallaka milimita 4 ko 5 a tashi ɗaya ya kusan ninka taurin ko ma fiye, ya sani ko bai sani ba.

Sanda mai rami a ciki, wato bututu, lissafinta shi ne kaurin waje sau kansa har huɗu a debe faɗin ramin sau kansa har huɗu. Bututu mai milimita 25 a waje da bango milimita 4 raminsa 17 ne. 390,625 a debe 83,521 ya bar 307,104, wanda ya yi daidai da cikakkiyar sanda mai milimita 23.5, amma nauyinsa wajen kashi 60 ne na nata. Ke nan idan mai sayarwa ya ce maka 25 ba tare da ya faɗi kaurin bango ba, bai gaya maka komai ba. Tambaye shi.

Tsawon hannu shi ne abu na biyu. Gajeren hannu ya fi tauri, kuma tasirin ya kusan tafiya da tsawon sau kansa. Matsar da linkeji daga rami mai nisan milimita 200 zuwa mai 180 na ƙara tauri da wajen kashi 23 a lissafi, ko da yake a zahiri yakan gaza haka kaɗan tunda hannun kansa na lanƙwasa, bushin ma na dannuwa. Wannan ne amfanin sanda mai ramuka biyu ko uku a kowane hannu, kuma ita ya kamata ɗan otokuros ya saya. Ana ma iya sa hagu a rami na ɗaya, dama a na biyu, a samu tauri na tsakiya, motar kuma za ta yi kusan hali ɗaya a kwanar hagu da ta dama, domin sandar abu guda ce mai murɗewa daga baki zuwa baki.

Abu na uku shi ne inda linkeji ya kama. Wanda ya kama jikin shokazobar MacPherson yana motsi kusan daidai da taya. Wanda ya kama tsakiyar lowa-am rabin motsin taya yake samu, kuma abin da taya ke ji daga sandar rubu'i ne kawai. Saboda haka kwatanta kaurin sandar motarka da ta wata mota daban aikin banza ne. Da sandar motarka ta asali kaɗai za ka kwatanta.

Irin ƙarfen kuwa ba ya sauya tauri. Duk nau'o'in ƙarfen da ake yin sanda da su kusan turjiya ɗaya suke yi wa murɗa. Ƙarfe mai kyau yana jure murɗawa sau dubbai ba tare da ya tsage ko ya lanƙwashe ya zauna ba, iyakar fifikonsa ke nan. Kamfanoni irin su Eibach, Whiteline da Hotchkis kan faɗi kashi nawa sandarsu ta fi ta asali tauri a kowane rami, kuma wannan adadin ya fi kauri amfani wajen zaɓe. Ka nemi sandar da raminta mafi laushi ya ɗara ta asali da matsakaicin mataki, don ka samu wurin hawa sama.

Mataki na 5: ɗaurawa

Fesa wa notuna man sassauta tsatsa tun daren da ya gabaci aikin. Ɗaga tayoyin ɓangaren duka biyu tare, ka sa motar a kan tsayayyun jak. Idan gefe ɗaya ka ɗaga, sandar na murɗe, kuma linkeji zai fizge da ƙarfi lokacin da notin ya fita. Ɗauki hoton tsohuwar kafin ka kwance, domin sanda da yawa na shiga a kife, ba za ka gane ba sai ta fara bugun wani abu. A wasu motoci masu ja da gaba sai an sassauto ƙaramin firam ɗin ƙarƙashin inji kafin sandar gaba ta fita, kuma bayan haka dole a sake alaimen.

Bushin ɗin foliyuritan, wata irin roba mai tauri, da ke zuwa da sabuwar sanda yana buƙatar girisin da ruwa ba ya wankewa, a shafe cikinsa sosai. Bayan ka ɗaure maƙallan bushin, kafin ka haɗa linkeji, kama hannun sandar ka ɗaga ka sauke. Ya kamata ta juya da ƙarfin hannu ɗaya. Idan sai ka jingina jikinka, bushin ya matse ta, kuma sandar da ta maƙale tana sa mota ta yi tsalle-tsalle a kan ƙananan tudu, riƙo ya riƙa zuwa yana tafiya. Ƙaramin wosha a ƙarƙashin maƙalli yakan warware wannan. Idan sandar ba ta da zoben da ke hana ta zamewa hagu da dama, sa mata ƙwanƙwaron matsewa a jikin sandar, dab da gefen ciki na kowane bushin.

Linkeji mai daidaita tsawo ya cancanci kuɗinsa, musamman idan an saukar da motar. Sauke motar kan tayoyinta a wuri mai daidaito, a kan gadar hawa don ka iya shiga ƙasa, direba ko nauyinsa na kan kujera. Haɗa gefe ɗaya, tsawonsa ya sa hannun sandar ya kwanta kusan daidai da ƙasa, linkejin kuma ya tsaya kusan a miƙe a kansa. Sai ka juya na ɗaya gefen har ƙusarsa ta shige rami da yatsu, ba turawa ba dukan guduma. Idan ka tilasta ta, ka murɗe sandar tun mota na tsaye, kuma motar za ta fi son kwanar hagu a kan ta dama ko akasin haka. Ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da kamfani ya bayar.

Daga nan murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka duba tazarar sanda da linkeji daga tiyon birki, wayar ABS, tayarod, shaft da salansa. Duba da motar a ƙasa, ka sake dubawa da ƙafafunta a rataye.

Mataki na 6: gwaji

Fara da rami mafi laushi, ballantana idan sandar baya ce. Nemi fili da aka ba da izini, ka jera mazugai a da'ira. Idan tazarar layin da motar ke bi daga tsakiya mita 15 ce, ka auna daƙiƙun zagaye ɗaya, ka ninka 15 da 4.02, ka raba da daƙiƙun sau kansu. Zagaye mai daƙiƙa 8 ya ba da 0.94g. Yi ta hagu, yi ta dama. A hankali ka riƙa ƙara gudu har wani ɓangare ya fara saki, ka rubuta wane ne.

Da'ira kaɗai ba ta isa ba. Jera mazugai biyar ko shida a layi, tazarar mita 18 zuwa 20, ka yi saƙa tsakaninsu. A nan ne sanda mai tauri ke nuna alherinta, domin jikin mota na gama kwantawa da wuri ya dawo da wuri, sitiyari na amsawa nan take. A nan ne kuma sandar baya da ta yi yawa ke tona kanta: motar da ta yi daɗi a da'ira sai ta watsa baya a mazugi na uku ko na huɗu, musamman idan ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiya. Saitin da ya dace shi ne wanda bayan motar ke taimakawa wajen juyawa a matsattsiyar kwana amma ka iya taka totur cikin saƙa ba tare da fargaba ba.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka yi aƙalla zagaye uku da shi, ka rubuta rami, iskar kowace taya da zafinta, da lokaci. Taya mai sanyi da mai ɗumi ba hali ɗaya suke ba, don haka kada ka yanke hukunci da zagayen farko.

Idan abu ya ɓaci

Mota ta ƙi kwana daga shiga har fita bayan ka sa sandar gaba: ta yi yawa, koma rami mai laushi ko ka ƙara ta baya. Tayar gaba ta ciki na juyawa a banza a mota mai ja da gaba: gaba ta yi tauri. Motar na tafiya lafiya sai kwatsam ta ɓalle a tsakiyar kwana: duba ko linkeji ya kai ƙarshen juyawarsa ya maƙale, ko ƙafar waje ta dira kan robar ƙarshen shokazoba. Motar na ci gaba da lilo bayan ta canza hanya: shokazoba ta gaza riƙe sabon taurin. Ƙarar ƙwas-ƙwas a ƙananan ramuka kuwa kusan kullum notin linkeji ne ya saki.

Fili ma na da tasa magana. Kankare mai riƙo, irin na filin jirgin sama na Lincoln a jihar Nebraska inda SCCA ke gasarta ta ƙasa tun 2009, yana sa mota ta kwanta fiye da yadda take yi a tsohuwar kwalta mai santsi, don haka yana ɗaukar sanda mai tauri. Fili mai gargada na son laushi, tunda sanda na kai bugun da taya ɗaya ta sha zuwa ɗayar. Ranar ruwan sama sassauta baya da rami ɗaya tun kafin zagayen farko.

Bayan gasar farko sake bin notuna duka da sifana, ka haska fitila a inda maƙallan bushin suka kama jikin mota da kunnen da linkeji ke shiga. An ƙera wuraren nan ne don ƙarfin sandar asali, kuma a tsofaffin motoci masu siririn ƙarfe babbar sanda kan tsaga su. Fenti da ya tsage ko siririn layin tsatsa a gefen ƙusa shi ne alamar farko, kuma farantin ƙarfafawa ake sawa a wurin, muddin dokar ajinka ta yarda da shi.